Kofin Ruwan Sista

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin, Sista Mai Kofi ta riga ta ɗauraye kofinta na silba, ta jawo kujera kusa da taga. Duk wanda ya fito daga wajen likita da sakamakon gwajin jini, sai ta miƙa masa ruwa tukuna. Mun daɗe muna cewa karamci ne. Ashe wuya take kallo, ko akwai kumburin da ke motsi in an haɗiye.

Haka ta yi wa Yayata, tela, shekarar da muka kasa gane kanta. Barci a kan keken ɗinki, jin sanyi ana tsananin zafi, gashi na zuba. Masu kawo ɗinki suka janye, shago ya kusa rufewa. A gida kuwa har suna aka laƙaba mata, Gimbiyar Barci. Ita ma ta yarda raguwa ce, wallahi abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Likita ya rubuta magani, layi na jiransa. Sista ce ta zaunar da ita, ta ɗora yatsa kan takardar gwajin.

"Akwai 'yar tsoka a gaban wuyanki, tayirod, ita ke hura wa jiki wuta. Wannan lambar da ta hau, ƙwaƙwalwa ce ke ta kwaɗa mata kira. Wannan da ta sauka, tsokar ce ta kasa amsawa."

"To ba lalaci ba ne, Sista?"

"Haba ƙanwata, ana auna lalaci a jini? Ciwo ne, yana da magani. Ƙwaya ɗaya da safe kafin ki ci komai, bayan 'yan makonni a sake gwaji. In kika daina don kin ji sauƙi, ni da ke ne."

Yaya ta yi kuka, Sista ta ƙara mata ruwa.

Ke ce mai mayar da lamba magana, Sista. Allah sarki, shekara nawa kina haka ba tafi ba guɗa! Ranar da kika ajiye aiki, rigar jikinki ɗinkin Yaya ce, daga shagon da bai rufe ba. Ta cika kofin nan ta miƙo miki, ta ce, "Sha mu gani." Kowa ya yi dariya, ke kika share ido.

Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma masu tasowa, ta bar kofin a kan taga. Don Allah wani a cikinku ya ɗauka.