Mutumin da Ya Kwance Ordinatar a Gure

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Ari, kuma har yau in na tuna yadda aka yi da shi sai zuciyata ta tafasa.

Mushe Ari, kamar yadda ɗalibai ke kiransa da Faransanci, malamin lissafi ne a kolej ɗin Gure. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ya je hutu Yamai, wani abokinsa da ke koyarwa a jami'a ya nuna masa intanet. A nan ya tarar da darussan da wata jami'ar Turai ta zuba kyauta a kan mutanen da ake kira masu kutse. Ya kwaso su a takarda, dami guda. Yakan ce mana na farkonsu ba ɓarayi ba ne, mutane ne masu buɗe na'ura su ga cikinta, in sun gano abu su raba wa kowa.

Akwai ordinatar, wato kwamfuta, guda a wani biro, ofis ke nan, na garin, ta mutu wata bakwai, an lulluɓe ta da zane. Ari ya roƙi izini, ya kwance ta gaban ɗalibansa, ya gyara, ta tashi. Ko sannu ba a ce masa ba. Da mai biron ya ji sunan darussan sai ya kira shi.

"Kai ne kake koya wa 'ya'yan mutane satar asirin gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, ga takardun, karanta ka gani."

Bai karanta ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya rubuta rahoto, aka ƙwace takardun, aka jefa Ari wani ƙauye bayan Bune inda ko kuran, wutar lantarki, babu. Can sanƙarau ya kama shi a bazara. A amalanke muka ɗauko shi, bai iso gidan likita ba.

Yau waɗannan darussa suna cikin wayar kowane ɗan jami'a. Manya suna hawa mumbari suna ta kirarin zamanin na'ura, har da mai rahoton nan, na gan shi a sahun gaba yana tafi. Ihu bayan hari! Da Ari na nan, na san murna zai yi da wayar, sannan ya tambayi yaran ko sun taɓa buɗe ta. Da ya ji 'yan damfara sun gaje sunan kutse, nan ne ransa zai ɓaci.

Ari bai bar mana gida ba, bai bar littafi ba. Amma bara wata malamar jami'a, Fanna, ta zo gaishe da innarmu. Ta ce tana cikin waɗanda suka ga an kwance na'urar, shi ya sa duk darasin da ta rubuta take sa shi a intanet kyauta. Inna ta yi kuka, ta ce ta yafe wa kowa.

Allah ya jiƙan Ari, ya sa ya huta. Ni kam ban kai inda Inna ta kai ba tukuna.