Na Yi Kuka A Gindin Katanga, Aka Kai Maganata Aliero

Ni tsohuwa ce daga Sabon Garin Jega. Ban yi boko ba, wata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye. Lokacin da abin ya faru ina cikin takaba. Maigidana manomin albasa ne, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara da shekaru. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi kunu da ludayi, ban taɓa bari wani ya ga tsiraicinsa ba. Washegarin kai shi makwancinsa na yi barci har hantsi, na farka na ji jikina sakayau kamar an sauke mini buhu daga ka. Wannan sauƙin shi ya zame mini ciwo. Na riƙa tambayar kaina, wace irin mace ce za ta ji daɗin barci ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba? Abinci ya fita raina, na rame, na kasa gaya wa kowa dalili.

Babban ɗana da ke aiki Abuja ya ji halin da nake ciki. Maimakon ya zo ya zauna kusa da ni, sai ya aiko da waya, ya ce ya haɗa ni da wata mata a can Abuja da ta karanci damuwar zuciya, za ta riƙa kirana muna magana. Na ce masa ni uwa ce mai kewa, ba mahaukaciya ba. Ya ce in yi haƙuri, aiki ya riƙe shi. Ba a daɗe da kawo sabis garinmu ba, cikin ɗakina ba ya kamawa, sai a gindin katangar baya, kusa da rudu, rumfar da muke ajiye albasa. Can nake kai tabarmata. A tunanina kuma Abuja nesa ce, sai na ɗaga murya za a ji ni.

Matar ba ta cuce ni ba, wannan zan faɗa ko gaban kowa. Kullum sai ta tambaya ko ni kaɗai ce, in duba tsakar gida, in ce e. Ban san matan maƙwabtanmu a ɗaya gefen katangar suke zaman gyaran albasa ba, saboda can inuwa take. Wata rana na buɗe mata cikina, na gaya mata barcin da buhun. Ta ce mini masu doguwar jinya da yawa suna jin haka, jiki ne ya gaji, ba zuciya ce ta ƙi ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Ranar na ci tuwo.

Mai takaba ba ta fita, don haka ni ce ta ƙarshen jin abin da ake faɗa a kaina. Na dai ga masu zuwa gaisuwa sun ragu. Ranar fitata daga takaba, ƙanwar maigidana ta Aliero, aminiyata tun ina amarya, ita ta yi alkawarin zuwa ta yi mini kitso da lalle. Ba ta zo ba. Na ɗauka ciwo ne, na hau mota na je. Ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba. A tsaye ta tambaye ni ko yayanta buhu ne. Ta ce har kasuwar Jega ana faɗin ni na roƙi Allah Ya ɗauke shi. Na rantse ban taɓa roƙa ba. Ta ce to sauran fa, na faɗa ko ban faɗa ba? Na ce na faɗa. Ta ce in koma in ci gaba da hutawata.

Har yau in na tuna, sai in yi ta tambayar kaina. Ina suke sa'ad da nake wankin zannuwansa hannuna na tsagewa? Ita da ke kishin ɗan'uwanta, daga salla sai salla take leƙo shi, ta zauna bakin ƙofa ta ce Allah Ya sawwaƙe. Su kuwa matan bayan katanga, mun yi biki tare, mun yi suna tare, sun ji ina kuka, babu wadda ta yi gyaran murya in san da mutum. Shiru suka yi don kada su rasa ko kalma ɗaya. Abin da matar ta amsa mini ba su ji ba, rabi suka ɗauka suka ƙara masa gishiri. Da na gaya wa ɗana, cewa ya yi zai aiko da waya mai kyau. Na ce ya riƙe abarsa.

Gidan ya gagare ni zama. Yanzu ina wurin ɗiyata a Maiyama, na bar ɗakin da na yi jinyar a kulle. An yi sunan jikar ƙanwar maigidan nawa, ko goro ba a aiko mini ba.

'Yan'uwana mata, ba na hana ku neman mai saurarenku ko ta waya ne, ni ma na samu sauƙi. Amma ku san inda kuke zama, ku sassauta murya, kada ku yi irin wautata. Ku kuma 'ya'ya, uwar da ta rasa miji fuskarku take son gani. An ce in yafe, ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna. Wadda ta kai maganata Aliero, ina roƙon Allah kada Ya jarrabe ta da jinyar miji. In Ya jarrabe ta, za ta faɗi abin da na faɗa, kuma ba zan so wani ya ji ta ba.