Inna Mai Reno da Kututturan Madaci

Mijin Auta ya yi wa surukarsa ƙarya a gaban shugabanninta, ƙaryar kuma ta raba ta da aikinta. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na yi kwana-kwana. Shi ya kayar da bishiyoyin, shi ya ce ita ta sa shi. Ita kuwa, matar da ta ba shi autarta, ta kuma roƙa masa aikin, ta yi shiru ta ɗauki laifin. Ita nake so in jinjina wa yau, tun tana da rai tana ji.

Inna Mai Reno muke ce mata a cibiyar binciken itatuwa, inda nake gyaran famfo da bututun ruwa. Ta fi shekara talatin tana kula da rumfar da ake renon dashe. Rumfa ce ta raga mai tace rana, a ƙarƙashinta layi-layi na baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace leda da ɗan tsironta. Kafin kowa ya iso ita ta iso. Ta tuɓe takalmanta a bakin rumfa, ta gyara ɗaurin zane, ta bi layi tana cusa yatsa cikin leda don ta ji laima. Wanda ya sha ya ƙoshi ta wuce shi, wanda ya yi yaushi ta tsaya a kansa da butar ban ruwa tana yi masa faɗa kamar jikanta. In ta buɗe famfo ya yi tari bai kawo komai ba, sai ta leƙo ɗakin aikina.

"Mai Famfo, yau ma famfon naka azumi yake?"

"Inna, yanzu zai sha ruwa."

"To gaya masa 'ya'yana ba su kai munzalin azumi ba."

Mafi yawan 'ya'yan nata madaci ne. Kowa ya san darajar katakonsa, amma yana da cuta. Akwai tsutsar da ke shiga kan tsiron tun yana ƙarami ta kashe shi, sai itacen ya rabu biyu ko uku, ya tashi a karkace, kafinta ba ya samun ko ƙyaure ɗaya a jikinsa. Dakta, wanda shi ne mai binciken madaci a cibiyar, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman irin da tsutsar ba ta iya wa. A gandun gwaji da ke bayan ofisoshi an dasa ɗaruruwa tun da daɗewa. 'Yan kaɗan ne a cikinsu suka miƙe sambal. Su aka zaɓa aka kira uwaye, daga su kaɗai ake tsintar iri.

Inna ce ke zagaye kowace uwa da jan fenti daidai ƙirjin mutum, ta sabunta shi bayan kowace damina. A cibiyar har mai shara ya san ma'anarsa: ja uwa ce, ba a taɓa ta. Masu zuwa sassaƙar ɓawo don magani sun sha gudu a gabanta. Wadda ta fi duka tsawo da kauri kuwa Hajiya Babba take kiranta, ba ta wuce ta ba tare da ta dafa ta ba.

Mijin Auta mai injin yanka katako ne a da. A dazuzzukan da ya yi aiki ma ana shafa jan fenti, amma can ja na nufin a sare. Da aikin ya tsaya masa ya zauna gida, Inna ta je ofishin Dakta ta durƙusa. Ba ta taɓa roƙon komai ba sai ran nan. Aka ɗauke shi aka sa shi kan leburorin gandu. Tsakaninsa da ita sai gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye, kamar yadda surukai ke yi. Bai tambaye ta komai game da gandun ba, bai tambayi leburorin da ke ƙarƙashinsa ba, don yana ganin itace ba zai ba shi labari ba.

Bai daɗe da kama aiki ba aka ce za a rage gandun, a cire karkatattu don uwaye su sami sarari. Dakta zai yi tafiya. Ya ce a jira ya dawo, kuma kada a tayar da inji sai Inna na tsaye. Ana cikin haka naƙuda ta kama Auta, ta zo da gardama, Inna ta tare a asibiti. Shi kuwa mijin, maimakon ya zauna a bakin ɗakin haihuwa, sai ya ga dama ta samu ya gama aikin kafin Dakta ya dawo a yaba masa. Ranar hutu ce, ba lebura ko ɗaya. Ya kira tsohon abokin aikinsa, wani da ake ce wa Dogo, suka shiga gandu da injuna biyu.

Dogo ya ɗaga kai ya dubi uwa ta farko, ya ce, "Wannan miƙaƙƙiyar za mu kayar mu bar guragu? Ka tabbata?"

"Kai makaho ne? Ba ka ga ja ba?"

"Na gani. Amma ka kira tsohuwa ka ji."

"In kira surukata in ce ta koya min sara? Tayar da inji, malam."

Kafin rana ta yi sanyi babu uwa ɗaya a tsaye.

Ni ba a kan injin nake tuhumarsa ba. Kuskure ne, na mai girman kai, amma kuskure. A kan harshensa nake tuhumarsa. Da Dakta ya dawo ya ga gandun, sai da aka riƙe shi ya zauna a kan gungume. Shugabanni suka taru a ofis, aka kira mijin Auta, ya dubi idonsu ya ce Inna ce ta aiko masa cewa masu ja su ne na sara.

Aka ɗauko ta daga asibiti, da flas ɗin ruwan zafi a hannunta. Auta na can kwance ana ƙara mata jini, jariri a gefenta. Ba a ko bari Inna ta ga gandun ba aka shigar da ita.

Dakta ya ce, "Inna, ke kika ce masa ya sare masu ja?"

Ta dubi ƙasa. Mijin 'yarta na tsaye a jikin bango, ba ta dube shi ba.

"Inna, magana nake."

"Ranka ya daɗe, ni na shafa fentin."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ni na shafa shi da hannuna."

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara kalma ba. Dakta bai gamsu ba, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, sauran kuwa sun ɗauka amsa laifi ta yi. Aka sallame ta, saura 'yan watanni ta yi ritaya. Ba taro, ba jawabi, ba ko hoton tunawa. Ta shiga rumfa ta ɗauki takalmanta da tsohuwar hular rana, ta fita.

Na bi ta har gida na faɗa mata ban yarda da shirun nan ba. Na ce rufa wa maƙaryaci asiri taya shi ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mai Famfo, kana da 'ya mace?"

Na ce ina da ita.

"To jira ta kwanta asibiti da ɗanyen jego, a ce ka buɗe baki ka kori mai ciyar da ita. Ran nan ka zo mu yi wannan karatun."

Har yau ina kan bakana cewa shirun kuskure ne. Amma ban sake ɗaga mata murya ba.

Bayan suna ta dawo bakin ƙofar cibiya. Maigadi ya rasa yadda zai yi, don an ce ba ta da sauran aiki a ciki. Ta ce masa, "Ba aiki na zo ba, ɗan'uwa. An yi min mutuwa a ciki, gaisuwa na zo." Ya buɗe mata.

Abin da ya kawo ta shi ne kututturan. Ɗanyen kututturen madaci yakan yi toho in an kiyaye shi, tohon kuma jinin uwar ne sak. In aka yanke shi aka samu ya yi saiwa, uwar ba ta mutu ba. In awaki suka cinye shi ko rani ya busar da kututturen, aikin shekaru talatin ya tafi ke nan, domin irin da aka tsinta a bara an riga an raba wa manoma, na madaci kuma ba ya ajiyuwa. Dakta ya same ta a can tana jan ƙaya. Bai ce mata komai a kan abin da ya wuce ba. Washegari ya kawo garin maganin da ke sa reshe ya yi saiwa, da ƙaramar wuƙa, suka durƙusa tare.

Ke ce, Inna, kika kewaye kowane kututture da ƙaya har hannuwanki suka zama kamar an yi musu tsaga. Bututuna bai kai gandu ba, ke ce kika riƙa ɗaukar bokiti a ka tun daga bakin rumfa, cikin zafin bazara, a shekarun da sa'o'inki ke zaune ana kawo musu ruwan alwala. Ba sunanki a cikin ma'aikata, masu wucewa suna nuna ki da baki suna cewa ga wadda ta sa aka sare. Kin ji, ba ki ajiye bokitin ba. Uwar marayun itace, mai reno ba da lada ba.

Tohon ya fito ja-ja, laushi kamar kunnen jariri. Suka yanka suka soka cikin yashi, suka rufe da farar leda don laima ta zauna. Kashin farko ya ruɓe duka. Na biyu ya yi baƙi daga ƙasa. Ta canza yashin, ta wanke shi, ta rage ruwa, suka sake. A na uku ne wata safiya ta ja wani reshe a hankali ya ƙi fitowa. Ta tona gefensa da tsinke, ga farar saiwa kamar zare. Ta aika a kira Dakta. Ya zo da gudu, babban mutum da furfura, ya tsuguna yana kallo.

Hajiya Babba ba ta yi toho ba. Inna ta ba ta ruwa fiye da kowa, ta yi mata inuwa da buhu, ta jira har damina ta sauka. Gara ce ta shige ta. Na tarar da ita zaune kusa da kututturen, ta ce min, "Manya ba sa son wulaƙanci, Mai Famfo. Ta yi fushi ta tafi."

Hanyar da Dogo ke bi zuwa aiki ta gefen shingen gandu take. Kullum yana ganin tsohuwa da bokiti, yana kawar da kai. Wata rana ya ga ta durƙushe da shi, gwiwa ta ƙi. Ya tsallaka shinge ya ɗauka ya kai mata. Ba ta san shi ba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ya ba ka masu yi maka." Daga nan bai wuce wurin aikinsa ba, ofishin Dakta ya nufa.

"Ranka ya daɗe, tsohuwar nan ba ta aiko da komai ba. Ni na riƙe inji ɗaya. Na ce ya kira ta, ya ce shi ba a koya masa sara."

Aka kira mijin Auta. Ya fara rantsuwa, Dogo ya ce, "Kar ka ƙara wa kanka, abokina, ta sa min albarka ɗazu." Sai mijin Auta ya amsa laifinsa.

Kun san abin da Inna ta yi? Ta dogara sanda ta je roƙa masa. Ta ce yana da iyali, ta ce ƙuruciya ce. Dakta ya ce, "Inna, kin rufe shi sau ɗaya, muka rasa ki. Wannan karon ba zan taya ki ba." Shugabanni suka ce ta dawo bakin aikinta a yi mata sallama ta mutunci. An mayar mata da sunanta, amma ba wanda zai mayar mata da gwiwoyinta. Yanzu ko rumfa ba ta iya zagayawa sai ta huta a hanya.

Uwayen da aka ceto ba su kai rabi ba. 'Ya'yansu na nan a sabon fili, sun kai ƙugun mutum, a miƙe. Madaci yakan daɗe kafin ya ba da iri, ita ma ta san ba lalle ta gani ba. Ranar da aka kai ta a mota ta duba su, abin da ta ce kawai shi ne a ƙara ƙaya ta gefen hanya.

Mun gode, Inna. Na gode a madadin manoman da za su dasa wannan iri ba su san wadda ta ɗauko masa ruwa ba. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma matasan da ke shiga gandu da rumfa yau, ku je ku gaishe ta tun tana nan. Ku koyi tambaya kafin ku tayar da inji. In hannunku ya yi ɓarna, ku ce ni ne, kada ku nemi tsohuwar da za ta ɗauka muku.

Mijin Auta kuwa an kore shi. Auta ta ji komai daga bakin Dogo, ta ɗauki ɗanta ta koma ɗakin uwarta. Masu katako sun san labarin, babu mai ba shi inji.