Robar da Na Sa a Ƙarƙashin Injin Baba

Na ci A a furojet ɗina, jama'a! A gangariya, ba ta alfarma ba. Kuma a satin da sakamako ya fito mai unguwa ya sa aka rufe injin niƙan Baba. Kowa sai turo min barka yake a waya, ni kuma ina ta danna na gode, na gode, kamar yatsana ne kaɗai ya yi digirin.

Injin yana ƙofar gidanmu a Ɗanzomo tun ina firamare, da shi aka yi min karatu. Matsalarsa ɗaya, jijjiga. In aka tayar da shi har kwanukan cikin gida sai sun amsa. Rumfarsa kuwa jingine take da bangon ɗakin Goggo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu. Bangon ƙasa ne, ya fara tsagewa. Mai unguwa ya ce wa Baba ko ya gyara, ko ya ɗauke injinsa.

Baba ya riga ya yi shawara da bakanikensa na Gumel: a haƙa rami kewaye da gindin injin, a cika da rairayi da ƙaiƙayi, ƙasa ta shanye motsin. Ina jin haka na sheƙe da dariya. Lokacin ina ajin ƙarshe a injiniyarin, kaina ya yi girma, kuma ga taken furojet ya faɗo min a sama: yadda roba ke kashe jijjiga.

Ita roba halinta biyu. In ka danna ta tana dawowa kamar sifirin ɗin katifa, amma ba nan take ba, sai ta ɗan yi nawa, kamar danƙo. A cikin wannan nawar take cinye ƙarfin jijjigar. Aikina shi ne in zana wannan hali a kwamfuta, in lissafa kaurin da zai ishi injin. Lambobin robar kuwa daga wani jadawali na kwaso su, na mutanen da suka gwada tasu a ɗaki mai sanyi. Ban ko tsaya duba wannan ba.

Na buɗe wa Baba laftof, na nuna masa layi yana tsalle, sannan ya kwanta luf.

"Uwata," haka yake kirana, "wannan zanen ne zai hana bangon Goggo faɗuwa?"

"Baba, kimiyya ce fa. Ƙaiƙayi ai na kaji ne."

"To, ke ce injiniya."

Muka je Maigatari aka yanko mana tsohuwar tayar tirela, guda huɗu, daidai awona. Muka sa robar a ƙarƙashin injin lokacin sanyi. Wallahi ta yi aiki! Na ɗora kofin ruwa a kan katanga, ko gezau. Har bidiyo na sa a sitatus. Goggo ta aiko min da kindirmo, ta ce, "'Yar nan, yau na yi azahar ƙasa ba ta zubo min a ka ba."

Sai bazara ta shigo. Kun san zafin garinmu, balle ƙarƙashin rufin kwano, balle kusa da inji mai aman gas da baƙin mai. Robar ta yi laushi, ta dinga lotsawa a hankali har ƙarfe ya zauna daram a kan siminti. Ina makaranta ban sani ba. Baba kuma bai faɗa min ba, wai kar ya ɗaga min hankali ina rubutu. Da ya ji jijjigar ta dawo, cewa ya yi ƙila kunnensa ne, tunda kwamfuta ta riga ta yi magana.

Saura kwana kaɗan difens, wato kare furojet a gaban malamai, na leƙo gida, na tarar robar ta zama kamar wainar da aka zauna a kai. Tsagar bango har hannuna yana shiga. Na ɗauki hoto, na koma wurin malamin da ke duba aikina.

Ya kalli hoton, ya miƙo min wayata. "Zafi yana cikin taken aikinki?"

"A'a, Malam, amma..."

"To ki bar shi. Kina so ki maimaita shekara?"

Ba na so. Na bar shi. Ranar difens na haska layin nan nawa mai kwanciya luf, na sa bidiyon kofin ruwa, aka tafa min. Wani ma cewa ya yi wannan shi ne karatun da ke amfanar al'umma. Na yi murmushi har da ɗan rusunawa.

Bayan ruwan farko bangon ya zube. Allah ya taimaka Goggo tana tsakar gida tana tankaɗe. Gadonta da tukwanenta duk suna ƙarƙashi. Yanzu a ɗakin jikarta take kwana, in na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ɗago kai.

Baba bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. A gaban mai unguwa cewa ya yi shi ne bai kula da injinsa ba. Matan unguwa yanzu can bakin kasuwa suke kai niƙa, ta ƙofarmu suke wucewa da kwanukansu. Shi kuma yana zaune a kan benci yana nuna wa kowa sakamakona a wayarsa.

Na sake lissafin da zafin garinmu, ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Layin bai kwanta ba. Aikin awa biyu ne kacal.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan ajin ƙarshe, musamman masu shirin gwada furojet ɗinsu a kan abin da iyayensu ke ci da shi.