Haruna ya matsar da bene saboda mutum biyar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun shekarar da aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tattara ya bar Gabas, gab da yaƙin basasa, ban ƙara jin mutuwar da ta dake ni haka ba sai yau da safe. Ina karyawa aka bugo mini waya: Injiniya Haruna ya rasu a Enugu. Ciwon kwana uku.

Ko arba'in da biyar bai cika ba.

Shi ya zana dogon benen nan da ake ginawa a bakin ruwa, gaba da Kasuwar Creek Road a nan Fatakwal. Hawa ashirin, gidajen masu kuɗi, kowanne da barandarsa tana shan iskar teku. Haifaffen unguwar Uwani ne a can Enugu, Hausarsa a cakuɗe da Buroka.

Faɗa ne ya haɗa mu.

Shekara uku ke nan na ga an kewaye filin da kwano. Maigadi ya tare ni, na ture hannunsa na shige. Na iske Haruna ya shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin mota. Na nuna wani wuri da sanda na ce me za ka sa a can? Ya ce, "Wurin ninkaya, Baba." Na ce to a kan mutum biyar za su yi wanka.

Ga yadda aka yi. Ina ɗan shekara sha bakwai, ina dakon busasshen kifi, aka kashe 'yan Gabas a Arewa, fushin ya sauko kanmu a nan. Yini guda muka rasa Malam Sule mai goro, da Ɗanjuma mahauci, da Audu Bakano da ƙaninsa, da wani baƙo da ya gudo daga Onitsha, har yau ban san sunansa ba. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, sai muka haƙa a bakin ruwa, ana sheƙa ruwan sama. A gida da itace ko tukwane ake rufe mamaci kafin a tura ƙasa. Nan ba mu da ko ɗaya. Wani tsohon masunci, ba ma Musulmi ba, ya jawo kwale-kwalensa ya fasa da gatari ya miƙo mana katakon. Kashegari muka hau jirgin ƙasa.

Bayan yaƙi na dawo. Cikin waɗanda suka yi haƙan nan, ni kaɗai na rage.

Ranar da na kutsa filin nan, manajan kamfanin ginin ya ce, "Papa, ina takarda?" Na ce mai gudun ransa ne zai tsaya neman takarda? Ni ko boko ban yi ba, rubutun nan a jikin buhun kifi na koye shi. Amma takuna na sani. Na auna talatin da biyu daga tsohuwar matakalar masunta, na soka sanda. Na ce ku haƙa nan, in ba ku ci karo da katako mai kwalta ba, ku kira ni maƙaryaci a gaban jama'a.

Haruna ya ce, "Baba, ka tabbata? Abin ya daɗe o."

Na ce haƙa.

Bai sa lebura ba, da kansa ya ɗauki shebur. Da bakin shebur ya daki katako sai ya tsaya cak. Ya cire hular kwanonsa, ya durƙusa, ya mayar da ƙasar da hannu.

Babu danginsa ko ɗaya a cikinsu.

Wata huɗu ya yi yana sake zane. Ya matsar da benen gaba ɗaya, kuma ƙasar nan laka ce, kowane ginshiƙi sai da aka sake masa lissafi. Wurin ninkayar ya ɗaga shi can saman rufi. Yana dariya ya ce, "Baba, ka sa masu kuɗi sai sun hau lif kafin su yi wanka." Na ce su gode mini, sun fi kusa da ruwan sama.

Duk biyowarsa ta Onitsha sai ya sayo mini goro a Kasuwar Relief. A gaban ma'aikatansa yake durƙusawa ya gaishe ni, hular kwano a hannu.

Juma'a biyu da suka wuce na gan shi ƙarshe. Ya nuna mini ɗan koren wuri a takardar. Ya ce, "Lambu na rubuta don kada oga ya yi gardama. Ni da kai mun san su waye a ciki." Na ce ka rubuta sunayensu mana. Ya ce, "In an gama, Baba. Har da baƙon, za mu bar masa layi."

Ba a gama ba.

Ɗazu bayan azahar leburorinmu 'yan Arewa suka faɗa mini manaja ya ce lambun nan asarar fili ne, wurin ajiye motoci za a yi, gobe katafila za ta shiga. Ƙasar kabarin Haruna ko bushewa ba ta yi ba.

To ya ji da kyau: Haruna ne ya mutu, ba ni ba.

Allah ya jiƙan Haruna, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya bar wa bayin Allah nasu, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da mutum biyar ɗin nan.

Gobe in na idar da asuba zan ɗauki tabarmata da butata, in auna taku talatin da biyu daga matakala, in zauna. Direban katafila ya zo ya same ni.