Jar Tutar Ammi Munsif

Shekara talatin da ɗaya Munsif ya yi a kan kujera guda, wata ta katako mai dogayen ƙafafu da matakala shida, kafe cikin rairayi a gaban wani otal da ke kudu da garin Mahadiya. Daga Mayu zuwa Oktoba nan yake wuni, usur a wuya, ido a kan teku, yana gadin mutanen da suka hau jirgi tun daga Jamus da Faransa don su zo su miƙe a rana har fatarsu ta yi ja ta saɓule. Aikinsa ɗaya ne, kada kowa ya nitse. A gabansa kuwa ko mutum ɗaya bai taɓa nitsewa ba.

Ɗan masunci ne. Tun yana aji shida ubansa ya cire shi daga makaranta ya sa shi a kwalekwale, suna jera tukwanen ƙasa a gindin teku don kama kifin nan mai hannu takwas da ke son shiga rami. Can ya koyi karanta ruwa. Yakan dubi launinsa ya faɗa maka zurfinsa, ya dubi kumfa ya faɗa maka inda ta nufa. Da otal-otal suka cika gaɓar, kifi kuma ya ja baya, sai ya bar kwalekwale ya hau kujera. Yanzu shekarunsa hamsin da takwas. Fatarsa ta koma kamar tsohuwar jakar fata, idanunsa kullum jajur don hasken ruwa, gwiwarsa ta hagu sai ya lallaɓa ta kafin ta yarda da matakalar nan. Yara da manya Ammi Munsif suke ce masa, wato kawu, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru.

Duk da wannan daɗewa ba a taɓa ɗaukarsa aikin dindindin ba. Kowace shekara sabuwar takarda ta wata shida, sai ka ce baƙon da ba a gama yarda da shi ba. In sanyi ya shigo ya tafi tsinkar zaitun a gonakin mutane. Matarsa Wasila tana ƙasan otal ɗin, ɗakin wanki, tana gugar zannuwan gado cikin tururi tun safe, sai ta wuni ba ta ga tekun da ake ta zuzutawa ba.

A ƙarƙashin kujerarsa akwai buhu mai tuta uku. Koriya, kowa ya shiga. Rawaya, a shiga da hankali. Ja kuwa, babu mai tsoma ko yatsa: baburan ruwa su tsaya a rairayi, doguwar ayabar robar nan da kwalekwale ke ja da mutane suna ihu a kai ta kwanta, lemar da ke ɗaga mutum sama ta zauna a naɗe. Ƙa'idar wannan gaɓar ita ce mai kujera kaɗai ke zaɓar tuta. To, amma wa ke biyan mai kujera? Otal. Wa ke cizon yatsa in tuta ta yi ja? Otal. Wanda ya shirya abin haka bai taɓa neman abincin iyalinsa a hannun wani ba.

A tsakiyar Agusta ta bara iskar gabas ta taso, ta yi kwana uku tana jibgar gaɓa. Kwana ukun nan jar tuta ce a sama, babu wanda ya yi gardama, domin ko makaho ya ji rugugin. Ran Lahadi aka wayi gari iska ta kwanta, rana ta fito tas, otal cike maƙil, ga motocin haya suna ta sauke iyalai daga garuruwan cikin ƙasa.

Munsif ya iso ƙarfe bakwai, ya hau kujera, ya duba. Taguwar ruwa na zuwa a hankali tana fashewa fari fat hagu da dama. Amma a tsakiya, daidai gaban gadajen shan rana, akwai wani layi mai duhu, sumul, faɗinsa bai fi taku goma sha biyar ba, babu kumfa ko kaɗan. Iska ta fasa tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, duk ruwan da ya hau gaɓa ta wannan ƙofar yake komawa, da gudun da ƙato ba ya iya ja da shi. Abin haushin shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani. Duk uwar da ta zo da yaro nan za ta nufa.

Ya daɗe da hannu cikin buhun. Sannan ya zaro ja ya ɗaura a sandar tuta.

Lutfi ne ya fara isowa, mai baburan ruwa, abokinsa tun suna yara, da tumbi a gaba da tabarau a goshi.

“Kai tsohon kada, tutar jiya ce ka manta ba ka sauke ba, ko kuwa?”

“Ta yau ce.”

“Ta yau? Dubi ruwan nan, Munsif! Ko a kwanon miya an fi wannan motsi.”

“Kai da ko iyo ba ka iya ba, kai za ka koya mini ruwa?”

“Ban iya iyo ba, amma na iya ganin rana. Kwana uku baburana suna kwance kamar matattun jakuna, yara huɗu ke aiki a hannuna. Ka ji tsoron Allah, ɗan'uwa.”

“Shi nake ji,” in ji Munsif, bai ko sauke ido daga teku ba.

Lutfi ya yi tsaki ya haura otal. Ba a jima ba ya dawo tare da manaja, Si Zuhair, mutum mai farar riga da taushin murya, wanda in zai yanka ka sai ya fara tambayar lafiyar iyali.

“Ammi Munsif, an tashi lafiya? Yaya gwiwar?”

“Da godiya, Si Zuhair.”

“Mene ne wannan kuma ka rataya mana?”

Munsif ya sauko da ƙyar, ya tsinci wata robar ruwa da aka yar, ya taka har bakin ruwa ya wurga ta cikin layin mai duhu. Su uku suka tsaya suna kallo. Robar ta ɗan yi jim, sai ta miƙe ta nufi tsakiyar teku kamar an aike ta. Kafin Lutfi ya gama kunna taba ta koma ɗigo.

Si Zuhair ya yi murmushi. “Roba ce ai. Baƙina ba robobi ba ne.”

“Gara roba, Si Zuhair. Ita ba ta firgita, ba ta haɗiyar ruwa.”

“To mu raba gardama. Ka sa rawaya, a ja igiya a kewaye wurin nan, kowa ya yi wankansa a gefe.”

“Ƙofar ba ta zama wuri ɗaya. Kafin azahar ta matsa can ko nan. Mutum ɗari huɗu za su shiga, ni ido biyu gare ni. Ina mai gadi na biyun da aka ce za a kawo mini tun Yuni?”

“Ana kan maganar.”

“To in an gama maganar sai mu sa rawaya.”

Murmushin bai bar fuskar Si Zuhair ba, amma ya daina kaiwa ido. “Tuta taka ce, Ammi. Ni ban isa in taɓa ta ba.” Ya juya ya tafi yana kakkaɓe yashi daga takalminsa.

Munsif ya san abin da wannan maganar ke nufi, ba yaro ba ne. Ya san kujerarsa ce ya ɗaura a sandar nan tare da ƙyallen. Bai sauke ba.

Ranar bai zauna ba sam. Wuni ya yi yana sintiri a bakin ruwa yana ɗingishi, usur a baki, yana kora manyan mutane kamar awaki. An zage shi da harshe huɗu. Wani jibgegen Bature ya nuna masa agogo, ya nuna masa rana, ya nuna masa kansa da yatsa yana juyawa, wai ya taɓu. Wata ta ɗauki hotonsa da waya tana ta magana cikin fushi. Duk wannan bai dame shi ba, ya saba.

Wadda ta dame shi wata tsohuwa ce da ta zo daga garin Ƙairawan mai nisa da teku da jikoki biyar, da tukunyar taliya naɗe a tawul da kankana biyu. Ta tattare bakin doguwar rigarta, ta riƙo ƙananan biyu, ta nufi daidai layin nan mai santsi.

“Hajiya! Hajiya, dakata!”

“Ɗana, nan babu taguwa ai. Ƙafa kawai za su jiƙa.”

“Nan ne ma ba za su shiga ba. Wurin nan ja yake yi.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Tun asuba muka taso. Sau ɗaya a shekara nake kawo su. Wannan ƙaramar ba ta taɓa ganin teku ba.”

“Ga shi ta gani, Hajiya. Ki koma da su biyar yadda kika zo da su.”

Tsohuwar ta kalli ruwan, sannan ta ja yaran baya tana mita. Ta sa manyan suka haƙa rami a rairayi, suka riƙa cika shi da bokiti, ƙaramar ta zauna a ciki tana kuka. Munsif ya kau da kai. Da a ce zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Har rana ta faɗi babu wanda ya shiga, babu wanda ya nitse. Ran Litinin ƙofar ta cike, ya ɗaura koriya, baburan Lutfi suka cika gaɓar da ƙara da warin fetur. Sai labari ya zo cewa otal na gaba, tafiyar minti goma a ƙafa, rawaya suka sa ran Lahadin, kuma can ma babu abin da ya faru. Babu wanda ya tsaya ya ce gaɓarsu dabam ce, akwai duwatsun da ke kare ta. Wa ke da lokacin wannan? Abin da aka riƙe shi ne can an yi wanka an dawo lafiya, nan an wuni ana kallon ruwa kamar masu azumi. Baƙi suka shiga intanet suka rubuta abin da suka rubuta. Da a ce gawa aka ciro ranar, da an ce Ammi Munsif ya faɗa. Tunda ya hana a samu gawar, sai aka ce tsufa ne.

Ran Laraba Si Zuhair ya kira shi ofis, ya ba shi kujera mai laushi, ya sa aka kawo masa gahawa.

“Ammi, kai uba ne a wurin nan, kowa ya sani. Amma idon nan naka ya gaji, rana ta ci shi. Mun samo samari biyu masu takardar shaida, gobe za su fara.”

“Biyu,” in ji Munsif.

“Biyu. Kai kuma ba za mu yar da kai ba, Allah ya kiyaye. Akwai aikin jera gadaje da kafa lemomi. Cikin inuwa ma za ka riƙa zama.”

Mutum ɗaya aka kasa samo masa tun Yuni, ga biyu an samo cikin kwana uku. Ya shanye gahawar don kada a ce ya yi fushi, ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan teburin.

Wasila ta riga shi jin labarin, ɗakin wanki ba a ɓoye masa komai. Da yamma ta ajiye masa kwanon miyar wake da gutsattsarin burodi, ta zauna tana matsa ƙafafunta da suka kumbura.

“Ka karɓa?”

“Ban ce komai ba tukuna.”

“Za ka karɓa. Zuciya ba ta cika tukunya.” Ta tura masa burodin. “Da rawayar ka sa musu, Munsif. Wa zai kama ka?”

“Da kin ga yarinyar nan ta Ƙairawan. Ba ta kai tsawon teburin nan ba.”

“Na ji. Ci abincinka kafin ya huce.”

Ya karɓa. Yanzu kullum da sassafe yana jan gadajen roba ɗari da ashirin daga rumfa zuwa rairayi, bibbiyu, yana jera su layi-layi, da yamma ya mayar. Inuwar da aka yi masa alkawari har yau bai gan ta ba. Samarin nan biyu suna bisa kujera, ba miyagu ba ne, suna gaishe shi da ladabi, tun da suka hau kuwa tutar ba ta wuce rawaya ba.

Wata safiya cikin Satumba, kafin baƙi su sauko, Lutfi ya biyo ta wajensa yana waige-waige kamar mai neman bashi. 'Ya'yan ƙanwarsa ne suka zo hutu daga Tunis, suna son ya ɗora su a kan ayaba.

“Tsohon kada,” ya ce ƙasa-ƙasa, “yaya ka ga ruwan yau?”

“Ga masu takarda can a sama, je ka tambaye su.”

“Haba, Munsif. Yaran gida ne fa.”

Munsif ya so ya ƙyale shi. Ya ajiye gadajen, ya dafa ƙugu, ya juya ya dubi tekun tun daga duwatsu har ƙarshen gaɓa, a hankali, yana ƙanƙance jajayen idanunsa.

“Lafiya lau ne har azahar. Bayan nan ka fito da su.”

“Allah ya ji ƙan mahaifa.”

“Amin. Kauce mini, saura tamanin.”