Kafin Kunkuru Ya Iso

Ni ba ɗan masaƙa ba ne. Ubana falke ne, ni kuwa alli na riƙe a lakwal, wato makarantar boko, har furfura ta cinye mini kai. Da na ajiye aiki, zaman banza ya nemi ya kwantar da ni. Na gwada dara a gindin dalbejiya, aka gaji da gardamata. Na gwada kiwon tattabaru, muzurun maƙwabta ya raba ni da su ɗaya bayan ɗaya. A lungunmu na unguwar Birni a Damagaram kuwa kowa da abin hannunsa. Badukun da ke kusa da zaurena yana fama da fata, mai ɗakina tana ɗinkin faifai, ni kaɗai nake zaune ina ƙirga masu wucewa.

Wani tsohon masaƙi da idonsa ya fara dusashewa shi ya ji tausayina. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ina zuwa hira wurinsa har ƙoshiyar saƙa ta saba da hannuna. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce in kwashe masaƙar, don su itacen girki kawai suke gani. Na kafa ta a bakin zaure. Ban taɓa sayar da ko taki ɗaya ba, sha'awa ce kawai.

Wanda bai san saƙar maza ba, ga yadda take. Zaren tsaye ana miƙe shi ne can nesa cikin lungu, a ɗaure ƙarshensa a jikin dutse da aka ɗora kan guntun katako. Sunan wannan dutse kunkuru. Kana saƙa kana naɗe abin da ka saƙa, shi kuma yana jan ciki cikin rairayi yana matsowa. Ranar da ya iso gabanka, zare ya ƙare.

Ina da 'yar fari. A tarbiyyar da muka taso, mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu. Na riƙe wannan kunya fiye da kowa. Shekarar da ta faɗo ajina, in ina kiran sunayen yara sai in tsallake nata, in ɗaga ido in ga tana nan, in wuce. Har ta yi aure a garin Dogo, sunanta a bakina bai wuce "ke" ba, ko "yarinyar nan".

Cikinta na farko bai zo da sauƙi ba. Jaririn bai yi kuka ba, ita ma da ƙyar aka tsayar da jini. Da ta sake samun ciki, mijinta bai jira ba, ya kawo ta gidanmu tun da sauran watanni don ta zauna kusa da matanite, asibitin haihuwa. Mai ɗakina ta kafa doka: ba a sayen komai, ba a ɗinka komai, ba a ma ambaton abin da ke ciki sai an gan shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na bi dokar, don ni ma tsoro ne ya cika ni.

Amma hannu ba ya jin doka. Na je kasuwa na zaɓo zare mai laushi, fari da mai rinin baba, na yi wadari mai tsawo har kusan bakin lungu. Na ce gwado zan yi wa kaina. Mai ɗakina ta shafa zaren, ta dube ni, ta ce wannan gwadon nawa ko gwiwa ba zai rufe ba. Duk wanda ya haihu a Damagaram ya san zanen goyo in ya gani, sai dai kowa ya bar ni da gwadona.

Daga nan wani abu ya shige mini rai wanda babu wanda ya gaya mini shi. Na sa wa kaina cewa kada kunkuru ya iso kafin ta sauka. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa yara faɗa a kan camfi! Na san shirme ne, na yi istigfari, amma sai ga ni ina jefa ƙoshiya kamar mai ciwon hannu. Kowace safiya abin da nake fara dubawa shi ne inda dutsen ya kwana. Ran da akuyar wani ta ture shi ya matso, na yi mata zagin da baduku ya leƙo yana tambaya ko ɓarawo aka kama.

Ita kuwa tana wucewa ta gabana in za ta awo, ƙafafunta a kumbure, takalmi ya ƙi shiga. Ina gani ta wutsiyar ido, ba halin tambaya. Sai in bi ta bayan gida, in tambayi mai ɗakina ko mutanen gidan sun ci abinci, ko an yi barci. Ita ma ta iya mugunta, sai ta lissafa mini kowa har da kaji, ta ajiye wadda nake nufi a ƙarshe.

Abin ya tashi ne wata ranar da hantsi. Mota ba ta shiga lungunmu, saboda ƙunci da rairayi, dole ta taka zuwa bakin titi. Aka fito da ita, uwarta a gefe ɗaya, mijinta a ɗaya. Da ta zo daidai masaƙa sai ta tsaya, ta dafa bango, gumi na zuba.

"Baba, a yafe mini," in ji ta.

Na san irin tafiyar da ake neman gafara kafin a yi ta. Abin da ya fito daga bakina, idona a kan zare, shi ne Allah ya sauwaƙe. Ta bi gefen zaren tana jan ƙafa, ta wuce kunkuru, ta sha kwana.

Uba ba ya zaman matanite, sai na zauna inda aka bar ni. Da azahar surukina ya kira, ya ce likita ya ce sai an yi mata aiki, ana neman jini. Bayan haka waya ta yi shiru. Ban san lokacin da ƙafafuna suka hau matakan masaƙa ba. Na manta da dokar da na kafa wa kaina, ƙoshiya na kai da komo, matsefi na bugawa, don in na tsaya zuciyata za ta fashe. Baduku ya kwaso fatunsa ya zauna kusa da ni.

Ƙarar katako a jikin turken masaƙa ita ta dawo da ni. Na duba, ga kunkuru a gabana. Zare ya ƙare, ita ba labari. Na zauna da hannu biyu babu abin riƙewa. Na yi la'asar, amma kada a tambaye ni abin da na karanta. Maƙwabta suka fara taruwa a bakin zaure, kowa na yin kamar wucewa yake.

Rana ta yi sanyi kafin waya ta yi ƙara. Mai ɗakina ce. Ta ce an samu 'ya mace, ga ta can tana tsala kuka. Mutane suka ɗauki barka, ni ban ji su ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban baduku, a gaban dattawan lungu, na buɗe baki na kama sunan 'yata, sunanta na yanka da ni na raɗa mata, na tambaya ina take.

Ashe mai ɗakina jira ta yi sai da 'yata ta farfaɗo kafin ta kira, kuma wayar tana kusa da kunnen 'yar tawa. Sai na ji wata murya can ƙasa, a gajiye.

"Na'am, Baba."

Baduku ya miƙo mini wuƙarsa, ya kawar da kai yana duban bango. Na yanke saƙar.